Allurar Ozempic dan rage ƙiba: abinda na gani bayan nayi amfani da ita a nan Zariya

Tunda matan unguwarmu da na wajen aiki sun dameni da tambaya bari kawai in rubuta sau ɗaya kowa ta karanta. Allurar tana aiki, wannan ba ƙarya bane, yunwa kam tana kasheta. Amma da za'a ce in bata maki cikin goma bazan wuce shida ba, kuma huɗun da na rage duk akan kuɗi ne da wahalar ajiya da kuma abinda ke biyo baya ranar da kika daina.

Ni irin matan nan ce da suka fara rage ƙiba da kansu ba tare da magani ba. Na rage tuwon dare, na bar lemon kwalba, shayi ba suga, masa sai ranar Juma'a, da asuba ina fita tattaki da wata maƙwabciyata a Samaru kafin rana ta ɗaga. Da farko sikeli yayi ta sauka har ina jin daɗi, atamfofin da na ajiye tun kafin haihuwar auta suka fara shiga. Sai kuma abu ya tsaya cak, watanni ina hawa sikeli lamba ɗaya yake nuna min kamar an liƙe allurarsa, ga yunwa ta ƙaru fiye da da, musamman tsakanin la'asar zuwa isha'i inda ko ƙanshin awara naji daga gidan maƙwabta hankalina sai ya tashi.

Likitar da na gani a wani asibiti mai zaman kansa a Sabon Gari ita ta fara min bayanin da ya kwantar min da hankali. Tace Hajiya ba ragwanci bane, jiki ne yake kare kansa, idan nauyi ya ragu jiki yana rage yawan abinda yake ƙonawa a rana, sannan sinadarin da ke sa mutum jin yunwa yana ƙaruwa, shi yasa abincin da ya sa ki ramewa a farko yanzu sai dai ya riƙe ki inda kike. Kuma bata rubuta min komai ba a ranar, sai da ta tura ni gwaji, suga, hawan jini, ƙoda, hanta, da tayirod (wata ƴar gaɓa a wuya da ke daidaita yadda jiki ke ƙona abinci), sannan gwajin ciki duk da na rantse mata bani da shi. Ta tambayeni ko ina allurar tsarin iyali ta wata uku dan tana sa wasu mata ƙiba, ko al'adata tana zuwa daidai dan akwai matsalar ƙwayayen mahaifa da ake ce ma PCOS wadda take hana ƙiba sauka, ko ina shayarwa, ko akwai mai kansar tayirod a danginmu. A wannan ɓangaren kam ba abinda zan ce sai Allah ya saka mata.

Ƙa'idar dai ita ce sai ma'aunin BMI ɗinki, wato lissafin nauyinki idan aka gwada da tsayinki, ya kai 30, ko kuma 27 idan akwai wani ciwo da ƙibar ta jawo kamar hawan jini ko suga. Nawa ya wuce 30 kuma sugana ya fara leƙawa sama, shi yasa ta yarda. Wadda take son rage ɗan tumbi saboda bikin ƙanwarta ya matso, ba naki bane ƴar uwa.

Ozempic sunan kasuwa ne, ainihin maganin sunansa semaglutide, kamfanin Novo Nordisk na ƙasar Denmak ke yinsa. A Amurka an amince da shi a 2017 kuma dan masu ciwon suga aka yi shi, sai daga baya a 2021 suka fitar da shi da wani suna, Wegovy, wanda shine takamaimai na rage ƙiba kuma yafi ƙarfi dan yana kaiwa 2.4mg. Amma a nan wajenmu Ozempic ɗin ake fi samu shi yasa sunansa ne a bakin kowa. Yadda yake aiki shine yana kwaikwayon wani sinadari da hanji ke fitarwa bayan anci abinci, GLP-1, wanda yake gaya ma ƙwaƙwalwa an ƙoshi, sannan yana sa abinci ya daɗe a ciki bai wuce ba. Yana zuwa ne kamar biro, sau ɗaya a sati kike yi ma kanki a fatar ciki ko cinya, bakin allurar siriri ne sosai ko ni da nake tsoron allura ban ji komai ba. Ana farawa da 0.25mg na sati huɗu sannan a ƙara zuwa 0.5mg, ba'a tsallake.

Abinda yafi bani mamaki ba wai rage cin abincin bane, tunanin abincin ne ya tafi. Da ina cikin aiki ina lissafin me zan ci anjima, ina girki ina ɗanɗane har in ƙoshi kafin a sauke tukunya, yara su rage shinkafa ince kar ayi almubazzaranci in ƙarasa. Duk wannan ya ɗauke. Sai a kawo min malmala ɗaya ta tuwo da miyar kuka in ci rabi inji kamar na cinye kwano, fura da nono da bana iya wucewa idan masu tallar sun shigo sai in kalla kawai in wuce. Sikeli ya soma motsi kuma, ba da gudu ba, a hankali a hankali, amma dai yana motsi.

Toh sai wahalar. Tashin zuciya ne a gaba, musamman kwana biyun farko bayan allura da kuma duk lokacin da aka ƙara min adadi, wallahi kamar laulayin ciki sabo, har uwar mijina ta fara kallona tana murmushi tana cewa ƴar nan ko dai an samu ƙaruwa ne. Akwai gyatsa mai wari irin na ƙwai, akwai taurin bayan gida da sai da na koma ma zogale da rama da ruwa mai yawa kafin ya saki. Abu mai maiƙo kuma haramiyarki, ranar da naci ƙosai da dankali soyayye a gidan suna kwana nayi ban rintsa ba. Gashi ma ya ɗan zube, likita tace saurin ramewa da rashin cin abinci mai gina jiki ne ke kawo hakan, ta dage min akan ƙwai da wake da kifi da nono, tace idan ba haka ba ba kitse kaɗai zai tafi ba har da tsoka. Ta kuma ja min kunne akan cewa idan naji ciwon ciki mai tsanani wanda ke sokewa har baya kuma baya lafawa, in bar komai in nufi asibiti ko da dare ne, ko asibitin koyarwa na Shika ko duk inda yafi kusa, dan maganin kan jawo kumburin fankiriyas (wata gaɓa a cikin ciki da ke taimakawa wajen narkar da abinci) ko tsakuwar matsarmama ga wasu. Alhamdulillahi ni ban gamu da wannan ba.

Maganar ciki kuma mata mu kula sosai. Ba'a yin wannan allura da juna biyu ko ana shayarwa, kuma mai neman haihuwa sai ta daina aƙalla wata biyu kafin ta fara nema. Sannan wadda ƙiba ta hana ta ɗaukan ciki shekara da shekaru tana iya ɗauka ba zato idan ta rame, dan haka kar kice ai ni bana ɗauka.

Yanzu ga inda makin ya zube. Kuɗi. Biro ɗaya yafi ƙarfin mafi ƙarancin albashi na naira dubu 70 nesa ba kusa ba, kuma farashin baya zama waje ɗaya dala na motsawa shima ya motsa, yau ki saya gobe ki koma a ce miki an ƙara. Ba kullum ake samu a Zariya ba, wani lokaci sai mai famasin ya ce ki bada kuɗi a kawo daga Kaduna ko Abuja ko Kano, ke kuma kina nan kina lissafin ranar allurarki ta wuce. Ga ajiya, kafin a buɗe dole ya zauna a firij tsakanin digiri 2 zuwa 8 kuma kar ya ƙanƙare, bayan an buɗe yana iya kai kwana 56 a waje in dai zafi bai wuce digiri 30 ba. Toh wa zai gaya ma zafin watan Afrilu na Zariya kada ya wuce 30? Ga wuta da kowa ya san halinta. Ni sai da na roƙi ƴar uwata mai sola a Hanwa ta riƙa ajiye min, duk ranar allura in hau keke napep in je, wani lokaci kuɗin motar ma abin lissafi ne. Kuma abin tambayar shine kafin ya iso hannunki a ina ya kwana, a cikin wace mota aka ɗauko shi, da ƙanƙara ko babu.

Wannan ne yasa nake tsoron masu saidawa a WhatsApp da Instagram, masu cewa Hajiya akwai mai sauƙi daga Dubai. A watan Yunin 2024 hukumar lafiya ta duniya da kanta ta fitar da gargaɗi akan jabun Ozempic da aka gano a Burazil da Ingila da Amurka, in har a can an samu ina ga nan. Ki saya a famasi mai rajista, da takardar likita, ki duba kwalin da lambar da ranar lalacewa, in kika ga yayi arha fiye da kima ki ajiye musu kayansu.

Wasu zasu ce me yasa ba ƙwaya ba, ai tafi sauƙi. Na tambaya. Akwai phentermine, tsohon magani ne tun 1959, yana rage yunwa da gaske kuma yafi arha, amma na ɗan lokaci ne kamar sati 12, yana sa bugun zuciya da rashin barci da bushewar baki, mai hawan jini ko ciwon zuciya ba'a cika bata ba, ni da jinina ke wasa likita tace a'a. Akwai Saxenda, ita ma allura ce, yayar Ozempic ce daga kamfani ɗaya amma ita kullum ake yi. Akwai Mounjaro, shima allura ne, na kamfanin Eli Lilly wanda ya fito a 2022, yafi rage nauyi amma kuɗinsa ma yafi, kuma yana iya raunana ƙwayar tsarin iyali da ake sha. Su kuma shayin rage tumbi da kafso marasa suna da ake tallarsu a gidajen biki, an sha kama irinsu da sibutramine a ciki, maganin da aka janye daga kasuwa tun 2010 saboda bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Mu dai mata Allah ya shirye mu, wasu na shan sha ka fashe dan su yi ƙiba, wasu na shan shayi dan su rame, duk a kemis ɗaya kuma babu mai tambayar likita.

Abinda masu talla basa faɗa shine ranar dainawa. A babban binciken da aka yi akan semaglutide 2.4mg mutane sun rage kusan kashi 15 cikin ɗari na nauyinsu a sati 68, amma da aka bi waɗanda suka daina, cikin shekara ɗaya kusan kashi biyu cikin uku na abinda suka rage ya dawo. Ni ma na gani a jikina lokacin da maganin ya yanke a gari na ɗan wani lokaci, yunwar nan ta la'asar ta dawo da ƙarfinta, har na samu kaina tsaye gaban mai gurasa ban san sanda na ƙarasa ba. Dan haka kafin ki fara ki zauna da maigida ko ke kaɗai kiyi lissafin shekara ba na wata ɗaya ba, in kuɗin biro biyu kawai gareki gara ki sa su a gwaje-gwaje da ganin mai ilimin abinci, dan wata ma matsalarta tayirod ce ko maganin da take sha, ba allura take buƙata ba.

Sai kuma bakin mutane, wanda babu a takardar cikin kwali. A garin nan mace ta rame ba'a cewa masha Allah, cewa ake Hajiya lafiya kuwa, ko maigida ya ƙaro aure ne, wata ma har ta bani sunan mai magani a cikin birni. Kije gidan biki a cika miki faranti kici loma uku ki ajiye a ce kin raina musu abinci. Yanzu leda nake tafiya da ita a jaka in juye in kawo ma yara.

A halin yanzu ina kan 0.5mg, likita ta so a ƙara nace ta bari tukuna tunda sikeli na sauka kuma aljihu na kuka. Mun yi da ita zan koma kafin azumi mu duba yadda za'a tsara ranar allura da shan ruwa tsakanin buɗa baki da sahur, dan tace da wannan tashin zuciyar ga zafi ruwan jiki na saurin ƙarewa kuma ƙoda ce ke shan wahala. Masu min magana ta inbos in saida musu ragowar birona ko in raba musu, dan Allah ku yi haƙuri, ba'a raba biro ɗaya tsakanin mutum biyu ko da an canza bakin allura.