Sayen Magani da Ganin Likita ta Intanet: Wace Hanya Ce Abin Amincewa?

Wanda ya yi niyyar sayen magani ta intanet zai tarar da masu sayarwa iri uku: kantin magani mai rajista da ke kai kaya gida, manhajar da ke haɗa majiyyaci da likita sannan ta aiko da maganin da aka rubuta, sai kuma masu talla a Facebook da WhatsApp.

Na ukun a kauce masa. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan ɗaya cikin goma na magungunan da ke yawo a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko marasa inganci, kuma wanda ba a san mazauninsa ba babu inda za a kama shi idan aka sami matsala.

Kantin mai rajista ya fi dacewa da mai ciwon da aka riga aka gano, kamar hawan jini ko ciwon suga. Alamarsa ita ce yana neman takardar likita kafin ya sayar da maganin kashe ƙwayoyin cuta ko tramadol, kuma ana iya duba lambar rajistarsa a shafin hukumar da ta ba shi lasisi. Tun 2015 Tarayyar Turai ta wajabta wa irin waɗannan kantuna wani tambari wanda idan aka latsa shi yake kai mutum ga jerin masu izini. Yabon masu saye da ake jerawa a ƙasan shafi kuwa, kowa na iya rubuta shi. Idan kaya ya iso, a duba hatimin kwalin da ranar ƙarewar wa'adi. Idan insulin, allurar masu ciwon suga, ya zo ba a cikin sanyi ba, to a mayar da shi.

Manhajar likita tana da amfani wajen ƙurajen fata, sabunta takardar magani ko bayanin sakamakon gwaji, amma ba duka suka zama ɗaya ba. Wadda likita mai suna da lambar lasisi zai yi magana da kai, ya tambayi magungunan da kake sha da waɗanda jikinka ba ya karɓa, ta fi wadda fom kawai ake cikewa, musamman idan kamfanin da ya rubuta maganin shi ne zai ci ribar sayar da shi. A kuma karanta sharuɗɗansu kan wanda zai ga bayanan lafiyarka. Likita ba zai iya sauraren ƙirji ko taɓa ciki ta waya ba, saboda haka ciwon ƙirji, sarƙewar numfashi, jijjigar yaro da zubar jini ga mai juna biyu duk na asibiti ne nan take.