Mahabalipuram: garin ya biya ni, kamfanin yawon ya ci mini rana

Jinya ce ta kai ni Chennai, a kudancin Indiya. Na raka Kawuna aka yi masa aikin gwiwa, da aka sallame mu likita ya ce sai mun ƙara mako biyu a gari kafin ya yarda mu hau jirgi. Duk wanda ya taɓa zaman jinya a ƙasar da ba ya jin yarenta ya san irin kwanakin nan: daga ɗaki sai kantin magani, daga kantin magani sai ɗaki. Rana ta huɗu Kawu ya dube ni ya ce, "Kai ɗan nan, ka tasa ni gaba kana kallo kamar talabijin. Ga ɗan'uwanka nan zai kula da ni, tashi ka je ka ga gari."

A teburin karɓar baƙi na masaukinmu akwai takardun tallar wani kamfanin yawon buɗe ido. Yini ɗaya zuwa Mahabalipuram, tsohon garin da ke bakin tekun Bengal, kimanin kilomita 60 kudu da Chennai. Mota mai sanyi, direba, ɗan jagora mai jin Turanci, da abincin rana. Kuɗin shiga wuraren tarihi kuwa naka ne. Na biya, kuɗin ya kusa na kwana biyu a masaukin. Sharhin nan a kan wannan tafiya ne, da kuma wadda na sake yi da ƙafata bayan kwana uku, don ta farkon ba ta ƙosar da ni ba.

An ce mini ƙarfe shida na safe mota za ta zo. Ta iso takwas saura. Muka bi titin da ake kira East Coast Road, titi mai kyau, teku na leƙowa ta hagu jefi-jefi tsakanin gidajen shaƙatawa da itatuwan kwakwa. Direban mutumin kirki ne, ba shi da ganganci, motar kuma tsaf. Ban da abin cewa a kansa sai ɗaya: kafin mu shiga garin ya tsaya da ni a wani katafaren kanti na yadin siliki da kayan tsaraba, ya ce minti goma. Muka yi minti arba'in. Daga baya na gane ba ra'ayinsa ba ne, tsarin kamfanin ne, akwai la'adar da ake ba su a kan kowane baƙon da suka shigar. Ban sayi ko allura ba, ya dawo mota fuska a ɗaure.

Sai wajen sha ɗaya muka isa wurin bautar da ke bakin teku, wanda kowa yake zuwa dominsa. Tikitin baƙo rupi 600, ɗan ƙasa rupi 40. Bambancin ya sosa mini rai, amma haka dokar hukumar kula da kayan tarihi ta Indiya take, kuma tikitin ɗaya ne yake shigar da kai sauran wuraren a wannan ranar, don haka kada ka yar da shi. Ginin na zamanin sarki Narasimhavarman na biyu ne, na daular Pallava, a farkon ƙarni na 8. Hasumiya biyu, babba da ƙarama, ɗakuna biyu na Shiva, ɗaya daga cikin allolin Hindu, a tsakaninsu wani ƙaramin ɗaki da wani allan nasu, Vishnu, yake kwance. An jera bijimai na dutse a kan katangar da ta kewaye shi, iskar gishiri ta shekara dubu da ɗari uku ta cinye musu fuska har sun koma kamar sabulun da aka daɗe ana wanka da shi. Saboda wannan iskar aka dasa itatuwa aka kuma jibge manyan duwatsu tsakaninsa da ruwa. A wannan zuwan ban ga ko rabin abin da na faɗa ba. Rana ta take, dutse ya ɗauki zafi, ɗaliban makaranta sun cika wurin, ɗan jagora kuma yana duba agogo. Minti ashirin ya ce mu tafi.

In yi masa adalci, ya san aikinsa. Shi ya gaya mini cewa Turawan jiragen ruwa na da suna kiran garin mai hasumiya bakwai, mutanen garin kuma sun gāji labarin cewa teku ta haɗiye shida ta bar ɗaya. Ranar 26 ga Disamba 2004, da ruwa ya janye kafin igiyar tsunami ta afko, masunta sun ce sun hangi jerin duwatsu a inda ruwa ya saba rufewa, bayan ta lafa kuma yashin da ta kwashe ya tono wasu sassaƙe-sassaƙen da ke binne a gaɓa. Yana ba da labarin yana tafiya, ni ina bin sa da sassarfa kamar ɗan aike.

Ni Musulmi ne, kuma na san akwai mai karatu da zai ce me ya kai ka kallon gumaka. Ban je bauta ba, babu kuma wanda ya nemi in yi. Yawancin wuraren nan yanzu kayan tarihi ne a hannun hukuma, UNESCO ta sa su cikin kayan gadon duniya tun 1984. Akwai wani wurin bauta a tsakiyar gari da ake ibada a cikinsa har yau, ana tuɓe takalmi a ƙofa, shi na wuce ta gabansa ban shiga ba. Abin da ya riƙe ni a garin daban ne. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, masassaƙi ne. Turmi, taɓarya, akushi, kujerar mata, da su aka ciyar da mu. Na taso ina jin yana faɗa wa yaransa cewa magini in ya yi kuskure sai ya ƙara ƙasa, masassaƙi kuwa abin da gizago ya ɗauke ya tafi ke nan. Da wannan idon na kalli Mahabalipuram, kuma wannan idon ba ya son gaggawa.

Shi ya sa wurin da ake kira Pancha Ratha, wato karusai biyar, ya tsaya mini a rai, shi ya sa kuma na ji haushin minti sha biyar da aka ba ni a wurin. Ɗakuna biyar ne, amma babu wanda aka gina. Kowanne daga dutse guda aka fafe shi, irin dutsen nan mai tauri da muke fasawa mu yi tsakuwar kankare. Babu tubali, babu haɗi, babu inda aka liƙa wani abu. An yi su a ƙarni na 7, ana danganta su da sarki Narasimhavarman na ɗaya, wanda ya yi mulki daga 630 zuwa 668, mai laƙabin Mamalla, wato gwanin kokawa. Daga laƙabin nan garin ya samo ɗaya sunansa, Mamallapuram, wanda shi za ka fi gani a allunan hanya.

Bayan kwana uku na koma ni kaɗai. Na yi asuba, na hau bas ɗin gwamnati mai zuwa Puducherry, na sauka a mahaɗar garin, na tari adaidaita sahu. Irin namu ne sak, har ƙarar injin, ai daga ƙasar ake kawo mana su. Kuɗin zuwa da dawowa bai kai na lemon da na sha a tafiyar farko ba. Ƙarfe bakwai da 'yan mintoci ina bakin teku, rana ta fito daga cikin ruwa tana dukan fuskar hasumiyar, babu kowa sai masu shara da wasu Turawa biyu. Masunta suna turo kwale-kwale can gefe. Sai a lokacin na lura cewa bijiman katangar ba su ci daidai ba, na ɓangaren teku sun fi lalacewa.

Daga nan na nufi karusan, na zauna a kan yashi wajen awa ɗaya da rabi. In ka natsu za ka ga yadda aka yi aikin, domin ba a gama shi ba. Daga sama suka faro suna gangarowa. Rufin babban cikinsu, Dharmaraja, an gama shi tsaf, hawa-hawa, da ƙananan ɗakuna na ado a jere. Kana saukowa da ido aikin yana raguwa, har ka iso ƙasa inda dutsen yake nan da ɗanyensa, da sawun ƙarfen sassaƙa layi-layi kamar kunyoyin gona. Ka sa yatsa a cikin sawun ka ji inda hannun wani ya tsaya. Wanda ya fara rufin dole ya riga ya ga ginshiƙan ƙasa a cikin kansa, don in ya ci dutse fiye da kima a sama, babu abin da zai tsaya a kai a ƙasa. Ƙaramin cikinsu, na Draupadi, siffar bukka aka yi masa, rufin ya lanƙwaso kamar na ciyawa. Na Bhima dogo ne mai rufi kamar an kifa kwale-kwale. Akwai giwa guda a tsaye, girmanta kamar mai rai, ita ma dutse ɗaya, an ajiye ta daidai gefen ɗakin da bayansa ya yi zagaye irin na bayan giwa. Ko da gangan ne ko dace, na yi dariya ni kaɗai. Sunayen na jaruman wani tsohon labarin Hindu ne, daga baya aka laƙaba musu, kuma ba a taɓa buɗe ɗakunan don ibada ba.

A tsakiyar gari akwai wata fuskar dutse mai tsawon kusan mita 29 da tsayin mita 13, an cika ta da sassaƙa. Wasu na cewa tuban Arjuna, ɗaya daga cikin jaruman labarin nan, take nunawa, wasu na cewa saukowar kogin Ganga ce daga sama. Tsagar da ke tsakiyar dutsen ita ce kogin, da macizai masu kan mutum a cikinta, komai na bangon kuma ya fuskanto ta: alloli, mutane, zakuna, barewa, da manyan giwaye biyu da 'ya'yansu suna fakewa a ƙarƙashin ƙafafunsu. Can sama wani tsoho ya tsaya da ƙafa ɗaya, hannuwa a sama, haƙarƙarinsa duk a waje don azumi. Ɗan jagoran ranar farko ya nuna mini shi muka wuce. A zuwa na biyu ne na ga abin da ke ƙasa, kusa da haurun giwa: wata kyanwa ta miƙe da ƙafafun baya, ta ɗaga hannuwa sama tana kwaikwayon tsohon, ɓeraye sun kewaye ta sun saki jiki. Tuban muzuru ke nan, an sassaƙa shi a dutse tun ƙarni na 7. A gefe kuma ga birai, ɗaya yana yi wa ɗaya tsincen ƙwarƙwata, ita kuma tana shayar da ɗanta.

Kusa da nan akwai wata rumfar dutse da ake kira Krishna Mandapam. Labarin na Krishna ne, abin bautar Hindu, ya ɗaga tsauni ya yi wa makiyaya laima daga ruwan sama, amma ni makiyayan na tsaya kallo. Wani ya tsuguna yana tatsar saniya, ita kuma ta juyo da kai tana lasar ɗan maraƙinta. Wata mata ta ɗauko tukwanen nono a rataye, da naɗaɗɗiyar tabarma a ka. Shanun masu tozo ne. In ka rufe sunan wurin, ruga ce.

Shahararren dutsen nan da ake kira curin man shanun Krishna, mai tsayin kusan mita 6 da nauyin da ake ƙiyastawa tan 250, yana zaune a kan gangare kamar yanzu zai mirgino. Wannan ba aikin hannu ba ne, ikon Allah ne. Minti biyar ya ishe ka, sai dai in kana son hoton da kowa yake yi na tokare shi da hannu. A nan aka ɗauki firaministan Indiya Narendra Modi da shugaban Sin Xi Jinping hoto a Oktoban 2019, masu sayar da kati ba za su bari ka manta ba. Hawan tudun da hasumiyar jiragen ruwa take ya fi shi riba, don daga can kana ganin garin da teku gaba ɗaya, a hanya kuma akwai kogon da aka sassaƙa Durga, wata allahiyar Hindu, a kan zaki tana yaƙar wani mai kan ɓauna. Wannan duk yana cikin takardar kamfanin, amma ba a kai ni ba, wai lokaci ya ƙure. Ka riƙe ledarka da kyau a tudun, birai sun ƙware a fizge.

Abincin da kamfanin ya ba ni a wani otal ne mai sanyi, an jera kwanuka da yawa, babu wanda zan iya tunawa. Ranar da na koma na ci shinkafa a kan ganyen ayaba da soyayyen kifi a wata 'yar rumfa kusa da unguwar masunta, yaji kamar ya tsaga harshe, na ƙara da ruwan kwakwa. Wanda yake kaffa-kaffa da nama, kifi da kayan lambu sun wadata a garin. Salla kuwa ƙasaru na yi na haɗa Azahar da La'asar a inuwar itatuwan bakin teku, babu wanda ya ko kalle ni sau biyu.

Shawarata ga 'yan'uwa masu zaman jinya a Chennai, don na san muna da yawa: kada ku sayi yinin kamfani. Ku hau bas ko ku yi shatar mota da sharaɗin babu tsayawa a kanti, ku isa kafin takwas, ku ɗauki ɗan jagora mai katin shaida a ƙofar shiga na awa biyu, ku yi ciniki kafin ya buɗe baki, sannan ku sallame shi ku sake zagayawa ku kaɗai. Hula ko laima dole ne, da ruwan sha. Mai ciwon ƙafa zai iya bakin teku da karusan da babban bangon, duk a shimfiɗe suke, tudun ne ba nasa ba. Watannin Afrilu da Mayu zafi ne mai tsanani, Oktoba zuwa Disamba kuma lokacin ruwansu ne.

Sana'ar ba ta mutu a garin ba. A hanyar karusan rumfunan masassaƙa ne a jere, ƙarar guduma da injin yanka dutse tun safe, ƙura ta yi wa kowa fari. Na tsaya wajen wani dattijo da yake fitar da kunnen giwa da ƙaramin ƙarfe, ba ya jin Turanci, ni ba na jin Tamil. Na nuna masa hoton turmin mahaifina a waya, ya karɓa ya daɗe yana dubawa, ya shafa bakin turmin da babban yatsa a kan gilashin, ya gyaɗa kai. Na sayi ɗan turmin dakan yaji na dutse a wurinsa, kashi ɗaya cikin uku na kuɗin da aka faɗa mini a kantin ranar farko.

Da daddare na nuna wa Kawu hotunan. Ya wuce hasumiya, ya wuce giwa, ya wuce dutsen man shanu, da ya zo kan saniyar sai ya sa tabarau ya matso da wayar.

"Wannan da ya yi ta ya yi kiwo," in ji shi. "Dubi yadda ya bar maraƙin a gabanta. In ba haka ba, ba za ta sakar masa nono ba."