Sharhi kan aikin sa kai a cibiyar Maison de la Gare da ke Senegal

Cibiyar Maison de la Gare tana birnin Saint-Louis, a arewacin Senegal, kuma Issa Kouyaté ne ya kafa ta a 2007 domin kula da yaran da ake kira talibe, wato almajiran makarantun allo da ke yawon bara. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta cewa fiye da yara 100,000 ne ake tilasta wa bara a ƙasar, duk da dokar 2005 da ta haramta hakan. Da yawansu malami ne ke yanka musu kuɗin da za su kawo kullum, wanda ya gaza kuma ya sha duka, shi ya sa wasu ke gudu su koma kwana a tasha.

Abin da ya fi burge ni a tsarin cibiyar shi ne ba ta mayar da yaran marayun da baƙi za su zo kallo ba. Yawancinsu iyayensu na raye a ƙauyuka, wasu har a Gambiya da Gini. Yaro yakan zo ya yi wanka, a wanke masa gyambo a ɗakin shan magani, ya koyi karatun boko, ya buga ƙwallo, manya daga cikinsu kuma su koyi ɗinki ko kiwon kaji. Ma'aikata suna fita sintirin dare su nemo waɗanda suka gudu, sannan a bi sawun danginsu. Ɗan sa kai yana taimakawa ne a ƙarƙashin 'yan ƙasa da suka san yaran da sunayensu, kuma a ganina haka ya dace.

Masauki a gidan wani iyali ake bayarwa, a ci shinkafa da kifi a kwano ɗaya da masu gida. Akwai kuɗin da ake biya, ga na jirgi, sai dai ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza. Wanda bai iya Faransanci ba zai sha wahala, kuma gara ya koyi gaisuwa da Wolof, yaren da aka fi ji a ƙasar, tun kafin ya tashi.

Shawarata ga mai niyya ita ce kada ya je don mako ɗaya ko biyu, domin yaron da aka riga aka raba da mahaifiyarsa bai kamata ya shaƙu da mutum yau, gobe ya neme shi ya rasa ba.

Ga Bahaushe kuwa, aikin yana da nauyi na daban. Robar bara, tsummokara da kaushin ƙafa duk mun saba ganinsu a ƙofar gidajenmu har idonmu ya daina tsayawa a kansu, amma wanda ya zauna ya wanke ciwon yaro ɗaya ya ji labarin garinsu, da wuya ya sake sallamar almajiri da “Allah ya ba da haƙuri” ba tare da ya tambaye shi inda yake kwana ba.