Filin waƙoƙin da na daren Asabar, a kunnen mai tura waƙa

Sana'ata cajin waya ce da tura waƙa a memori, a wani ƙauye kusa da Gujungu cikin ƙaramar hukumar Taura a jihar Jigawa. Don haka tsofaffin waƙoƙi ba rasa su na yi ba. Kwamfutar shagona cike take da su: na fada, na noma, na dambe, na 'yan tauri, har da amadar mata. Amma duk ranar Asabar da an idar da sallar Isha'i nakan kashe sifikar kwamfutar in kunna rediyo, in kamo wata tashar FM mai zaman kanta da ke da filin waƙoƙin da na awa ɗaya. Ba zan ambaci sunan gidan ba, domin akwai ƙorafi cikin abin da zan faɗa, kuma ba tozarta kowa nake son yi ba. Masu sauraro a yankinmu sun san filin da nake nufi.

Samarin da ke zaman jiran waya kan tambaye ni abin da nake nema a rediyo, alhali waƙar tana hannuna. Amsata ita ce waƙar ce kawai a hannuna, mutumin da ya san ta yana can gidan rediyo.

Wani dattijo ne yake gabatar da filin, masu kira suna ce masa Baba. Muryarsa ta ɗan dushe, ba ya sauri, ba ya kuma ihun nan da masu gabatarwa na yanzu suka ɗauka shi ne iya aiki. Kafin ya sa waƙa sai ya gaya maka da me aka kaɗa ta, a wane irin taro ake yin ta, wa aka yi wa, kuma me ya haɗa mawaƙin da shi. A bakinsa yaran shagona suka fara jin bambancin kotso da taushi da kalangu, don su a wurinsu duk ganga ce. Ran da ya sa Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, sai da ya ce a bar sauraron jagoran tukuna, a kasa kunne wajen 'yan amshi, a ji yadda suke karɓe magana kafin ta faɗi ƙasa su ƙarasa ta da kansu. Daga nan ya kawo Ɗan Maraya Jos, shi kaɗai da kuntiginsa babu mai amsa masa, don a ji tazarar da ke tsakanin waƙar fada da waƙar mutum ɗaya mai yi wa talaka magana. Ya bayyana yadda ake haɗa kuntigi da gwangwanin kifi a rufe shi da fata a ɗaura tsirkiya guda. Wani yaro da ke zaune a kan bencina ya ce wallahi shi ya ɗauka jita ce.

Idan aka zo kan Haruna Uji kuwa, nan za ka gane Baba ɗan Jigawa ne. Muryarsa takan sake, ya shiga zancen Haɗeja da gurmi da direbobin manyan motoci da ke sa kaset ɗin a hanya, har sai ya tuna lokaci na tafiya.

Abin da ya fi ɗaure ni da filin shi ne cikar waƙa. Wanda ba ya wannan sana'a tamu ba zai san yadda abin ya lalace ba. Yawancin tsofaffin waƙoƙin da ke yawo a memori daga kaset aka kwafo su, shi kuma kaset mai minti 60 rabin awa yake ɗauka a kowane gefe. Idan waƙar ta kai ƙarshen gefe sai ta yanke, mai kwafa bai damu ya juya ba, a haka za ta yi ta yawo daga Kano zuwa Maigatari da guntun jiki. Ga kuma sunaye a hargitse. Duk waƙar kukuma da aka rasa mai ita sai a liƙa wa Garba Supa, duk ta kalangu a ce ta Shata ce. Baba ba ya sa waƙa sai yana da ita daga farko har inda makaɗa suka ajiye. Wani dare ya sa wata waƙar noma da na daɗe da sanin rabinta. Da aka zo daidai inda tawa take yankewa, sai na ji ta wuce. Sautin ya ɗan sauya, ya yi ƙasa, da ɗan shuu a bayansa, amma ga baituka na zuba waɗanda ban taɓa ji ba. Bayan ta ƙare ya ce rabin farko daga nasa kaset ɗin ne, rabin ƙarshe kuwa wata tsohuwa ce ta aiko da shi ta hannun direban motar kasuwa, a ƙulle cikin leda, ta ce na maigidanta ne da ya rasu. Wani tsoho maƙwabcina da ke zuwa shagon da tasa rediyon mai tocila ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce rabonsa da jin wannan ƙarshen tun ana gayya a gonar mahaifinsa.

Tarihin aikin Baba a bakinsa muka tsinta, kaɗan kaɗan, a tsakanin waƙoƙi. A gidan rediyon gwamnati ya fara, a ɗakin ajiye faya-fayai, yana jera su yana rubuta suna da lamba, yana miƙa wa masu gabatarwa. Da aka cire Jigawa daga Kano a 1991 yana cikin ma'aikatan da suka dawo gida. A hankali aka fara ba shi makirufo, ya yi sanarwa, ya karanta katin zaɓi sonka, ya bi makaɗa ƙauyuka da na'urar ɗaukar murya. Da ya cika shekara 35 a bakin aiki ya yi ritaya kamar yadda dokar aikin gwamnati ta tanada, ya koma gona yana noman gero da riɗi. Daga can wannan gidan ya nemo shi.

Duniyar da ya tarar daban take da wadda ya bari. Iyayenmu da Rediyon Kaduna suka tashi, wanda aka kafa a 1962, da sashen Hausa na BBC da ya fara tun 1957, sai gidajen jiha. A lokacin gwamnati ce mai rediyo, albashi na zuwa ko an yi talla ko ba a yi ba, kuma ana ɗaukar adana waƙoƙin gargajiya a matsayin wani ɓangare na aikin. A 1992 aka kafa hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin aka ba 'yan kasuwa damar buɗe nasu, Freedom Radio ta fara a Kano a 2003, daga nan tashoshin FM suka yi ta tsirowa. Alheri ne babba, don talaka ya samu inda zai kira ya faɗi damuwarsa. Sai dai gidan ɗan kasuwa da talla yake numfashi. Kowane minti kuɗi ne, ga man gas na janareta da ya yi tashin gwauron zabi tun 2022, ga kuɗin lasisi. A watan Agustan shekarar ma sai da NBC ta sanar da soke lasisin tashoshi 52 saboda bashi, kafin ta sassauta. Filin da ba shi da mai ɗaukar nauyi kullum a bakin ƙofa yake. Baba ya taɓa faɗi cewa shi da kansa yake bin 'yan kasuwa yana neman wanda zai ɗauki nauyin filin. Raina ya sosu da na ji haka, mutum mai wannan ilimi da wannan shekaru yana zaman jira a bencin kanti.

Daga nan ne ƙorafina na farko ya taso. Ana yanka waƙa a tsakiya a sa talla. Ban ƙi talla ba, na san da ita ake sayen mai. Amma a bari baiti ya sauka mana. Shata, Allah ya jiƙansa, ya rasu tun 1999, ba ya nan balle ya ce a dakata masa. Yana tsakiyar jero zance kalangai na tashi, sai kawai ka ji an jefo mai maganin basir da sanyi yana ihu. Kamar a ɗauke wa mutum kwano ne loma tana hannunsa. Wasu tallan magungunan kuma kalamansu ba su dace da filin da uba da 'ya'yansa suke saurare tare a tsakar gida ba. Ni kaina nakan rage murya idan akwai yara a shagon.

Na biyu ya fi wannan ciwo, kuma shi ma sauyin aiki ne ya jawo shi. Da can akwai wani matashi da ke zama tare da Baba. Shi ke juye kaset zuwa kwamfuta, ya rage shuu ɗin, ya daidaita ƙarar, ya karanta saƙonnin tes. Ya iya tambaya, irin tambayar da mu masu sauraro muke da ita a rai. Zai ce, "Baba, Allah ya ƙara girma, wannan da aka ambata sarki ne ko hakimi?" Baba ya ce, "Yauwa ɗana, ka tambayi abin tambaya," sai labari ya ɓalle. Bara yaron ya bar aikin, ya koma wajen wani ɗan siyasa yana kula masa da Facebook da ɗaukar bidiyo. Ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Yana da iyali, abin da ake samu a ƙaramin gidan rediyo kuwa ba ya kai mutum ƙarshen wata. Haka abin yake ko'ina yanzu: wanda muryarsa ta yi fice sai babbar tasha a birni ta ɗauke shi, wani ya buɗe tasharsa a YouTube, wani ya yi sa'ar shiga gidajen waje irin su DW da RFI da TRT Afrika. Can ɗin ma ba tabbas, tunda ga sashen Hausa na Muryar Amurka ya yi shiru a watan Maris na 2025.

Tun tafiyarsa ba a ba Baba tsayayyen mataimaki ba. Yau wannan, mako mai zuwa wancan, yawanci ɗalibai masu neman sanin makamar aiki. Akwai mai ladabi a cikinsu, amma akwai wanda ke magana a kan waƙa, yana jero gaisuwar abokansa ana tsakiyar amshi. Sauti ma ya koma baya. Wata waƙar sai ka manna kunne, ta gaba kuma ta fashe maka sifika. An daina karanta tes sosai, sai kiran waya, shi kuma rabin lokacinsa a "kuna ji na?" da gaishe gaishe yake ƙarewa. Matan aure da ke turo saƙo suna neman Barmani Choge, wadda ta rasu a 2013, su aka fi cuta, don ba kowace ce za ta kira a ji muryarta a rediyo ba.

Sauran matsalolin ƙanana ne. Lokacin siyasa akan ture filin ba sanarwa idan wani ya sayi awar. Da azumi ana dakatar da shi saboda tafsiri, wannan kam daidai ne, kowa ya san da shi. Kamun tashar a ƙauyenmu sai da dabara, domin zangon FM ba ya nisa kamar matsakaicin zango da gajeren zango da muka saba da su. Ni wayar kwayil na ɗaura a eriya na hau da ita kan azarar rumfa, tana fitowa tangaran. Mai saurare a waya sai ya sa abin kunne, don shi ne eriyar.

Duk da waɗannan, ina ce wa kowa ya saurari filin nan, musamman matasa da masu sana'a irin tawa. Babu inda za ka samu wannan bayani a memori, komai girmanta. Ga masu gidan kuma ina roƙo, Allah ya ƙara arziki: a tara talla a tsakanin waƙa da waƙa, a tace kalaman masu magani, a ba Baba yaro ɗaya tsayayye da za a riƙa biya yadda zai iya zama, ya koyi abin da ke kan dattijon nan tun yana da ƙarfin faɗa. A kuma riƙa naɗe kowane shiri ana ajiyewa, da bayanin da komai, ba waƙar kaɗai ba. 'Yan kasuwar hatsi da na dabbobi da ke cika Gujungu ran Lahadi, ku ma filin nan naku ne, da ku da iyayenku ake yinsa, ɗaukar nauyinsa ba zai gagare ku ba idan kuka haɗa hannu.

Baba ya sha roƙon duk mai tsohon kaset a gida ya aiko a juye a mayar masa da abinsa. Wanda ya tono nasa daga ƙasan adaka, kada ya yi gaggawar jefa shi cikin rikoda, don zaren da ya daɗe a ajiye yakan manne, injin ya taune shi. A fara sa biro a ramin a juya shi a hankali har ƙarshe, a sake dawo da shi, a kaɗe ƙura, a rubuta sunan mawaƙin da garin da aka saye shi a takarda idan an tuna, a sa a leda. Na kusa da mu su kawo shagona kafin ranar kasuwa, akwai direban da ke kai masa.