Sharhi: Meshify 2, akwatin kwamfuta mai raga a gaba wanda ya rage mini ƙara

Na sauya wa kwamfutata akwati zuwa Meshify 2 na kamfanin Fractal Design da ke ƙasar Suwidin, kuma na daɗe ina aiki da shi, har na san halinsa a lokacin zafi da lokacin sanyi. Abin da zan fara faɗa shi ne wanda ya fi ba mutane mamaki idan sun shigo sun gan shi: gabansa raga ce zalla, kana iya hango fankokin ta ciki, amma ya fi tsohon akwatina shiru nesa ba kusa ba, alhali tsohon a rufe yake ruf da gilashi.

Tsohon akwatin kyakkyawa ne, wannan ba a musu. Gilashi a gaba, gilashi a gefe, fankoki uku a jere suna ba da haske kala-kala. Sai dai iskar da waɗannan fankoki za su ja ba ta da hanyar shiga sai wata 'yar siririyar tsaga a gefen gilashin, wadda da ƙyar ɗan yatsa ke shiga. Fankokin suna ta juyawa, suna ta huci, iskar da ke isa ciki kuwa kaɗan ce. Kamar dai mutum ne aka toshe masa baki da matashin kai aka ce ya yi gudu. Da zarar na fara haɗa bidiyo ko na buɗe wasa mai nauyi, sai katin hoto (ɓangaren da ke zana abin da ake gani a allo) ya ɗau zafi, fankokinsa su tashi da ƙarfi, na furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfutar) su bi sahu, ɗakin ya cika da ƙugi. Akwai gwaji mai sauƙi da kowa zai iya yi kafin ya kashe kuɗinsa: cire murfin gefe, ka ba kwamfutar aikin da ta saba, ka duba zafinta a manhaja irin HWiNFO. Idan zafin ya sauka sosai kuma fankokin suka lafa, to akwatin ne ke shaƙe ta. A wurina haka abin ya kasance.

Dalilin ba boyayye ba ne. Duk wutar da kwamfuta ta ci, zafi take komawa, kuma dole zafin ya fita daga akwatin. Katin hoto na RTX 4070 yana cin wat 200, RTX 4080 yana cin 320, RTX 4090 kuwa 450. Ka ƙara da furosesa da sauran kaya. Wannan zafi iska ce kaɗai ke kwashe shi, ko da kuwa ruwa kake amfani da shi wajen sanyayawa, domin shi ma ruwan a ƙarshe fanka ce ke hure masa zafi. Ita kuma fanka ƙararta ba ta tafiya daidai da gudunta, tana ninkuwa ne fiye da kima. A ƙa'idar da injiniyoyi ke aiki da ita, idan aka rage gudun fanka zuwa rabi, ƙararta na sauka da kusan desibel 15 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), alhali ƙara fanka ta biyu iri ɗaya desibel 3 kacal yake ƙarawa. Kunnen mutum kuma yana jin bambancin desibel 10 kamar ninki biyu. Ma'ana fankoki biyu masu tafiya a hankali sun fi guda ɗaya mai gudu shiru sosai, kuma iskar da suke turawa kusan ɗaya ce. Akwatin da ya bar iska ta wuce ba tare da wahala ba, shi ne ke ba fanka damar tafiya a hankali. A kan wannan Meshify 2 ya gina komai nasa.

Ya fito a shekarar 2020, shekara ɗaya da ɗan'uwansa Define 7, kuma ƙashin jikinsu kusan ɗaya ne. Bambancin yana a fata: Define 7 yana da ƙofa rufaffiya da abin tsotse ƙara a jikin murafansa, Meshify 2 kuwa raga ce mai lanƙwasa-lanƙwasa a gaba, wadda ke buɗewa kamar ƙofa, da matacin ƙura a bayanta. Yana zuwa da fankoki uku masu faɗin milimita 140, biyu a gaba suna jan iska, ɗaya a baya tana fitarwa. Iyakar gudunsu juyi 1000 ne a minti, kuma ni ban taɓa barinsu su kai can ba.

Haɗa kaya a cikinsa ya yi mini daɗi ƙwarai. Murafan gefe ba sa buƙatar sukudireba, ana ja ne su ɓalle, ana dannawa su koma. Abin da ya fi burge ni shi ne saman: bayan murfi da matacin ƙura, har ƙarfen da ake ɗaura fankoki a kai yana fita gaba ɗaya, sai akwatin ya buɗe ta sama da ta gefe lokaci guda. Duk wanda ya taɓa fama da wayar wutar furosesa, wadda ke shiga can ƙuryar sama ta hagu ta madabod (babban allon da ake haɗa dukkan kayan kwamfuta a kai), inda hannu ba ya kai sai da murɗe-murɗe da goge yatsa a jikin ƙarfe, zai san darajar wannan. A nan tsaye na yi, na leƙa ta sama, ina ganin ramin da idona, na danna wayar ta shiga har ta ce ƙas. Bayan madabod akwai isasshen fili da maɗauran wayoyi, murfin baya yana rufuwa ba tare da an danna shi da gwiwa ba.

Maganar awo ita ce wadda masu saye suka fi sakaci da ita. Madabod girma-girma ne: na ATX milimita 305 ne da 244, microATX 244 da 244, Mini-ITX 170 da 170, kuma duk suna zama a wannan akwati. Wanda ya fi muhimmanci ga mai neman shiru shi ne tsayin na'urar sanyaya furosesa. Ni Noctua NH-D15 nake amfani da ita, tsayinta milimita 165, akwatin kuma yana ɗaukar har 185. Wannan rarar tana da amfani, domin fankar gaba ta NH-D15 tana zama ne a saman sandunan RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta, idan sandunan dogaye ne sai an ɗaga ta sama, tsayin ya ƙaru. A ƙuntataccen akwati murfi ba zai rufu ba. Tsawon katin hoto kuwa ya danganta da yadda ka tsara cikin: akwai tsarin da ake buɗe gaban gaba ɗaya, inda dogon kati ke shiga da sarari, akwai kuma tsarin da ake jawo bango gaba don jera faifan ajiya da yawa, wanda ke rage wa kati wuri. Ni buɗaɗɗen na bari, domin iskar fankokin gaba ta tafi kai tsaye kan kati ba tare da wani shamaki ba.

To yaya yake a kunne? Idan rubutu nake yi ko karatu a intanet, sai na duba ɗan hasken da ke jikin akwatin kafin in tabbatar kwamfutar tana aiki. Katunan hoto na zamani suna tsayar da fankokinsu cak idan ba su yi zafi ba. A tsohon akwati wannan ya zama mini fitina: zafi ya taru, fankokin su tashi da wani ɗan gurnani, su huce, su tsaya, bayan ɗan lokaci su sake tashi, haka dai duk yini. Irin wannan ƙara mai zuwa tana komawa ta fi wadda ke tsaye wuri ɗaya damun mutum, domin kunne ba ya sabawa da ita. A Meshify 2 iskar da ke ratsawa a hankali ta ishi katin, fankokinsa suna kwance abinsu har sai aiki ya zo. Idan aikin ya zo ana jin huci, ba zan ce ba a ji ba, amma huci ne mai kauri mai taushi, wanda magana ta yau da kullum ke rufe shi.

Sai dai ban samu wannan daga fitowarsa a kwali ba, sai da na zauna na saita gudun fankoki, kuma wannan aiki ne da ke jiran mai kowane akwati. Yawancin madabod suna ɗaure gudun fankokin akwati da zafin furosesa, shi kuwa zafin furosesa tsalle yake yi. Buɗe manhaja ɗaya na iya sa ya haura na daƙiƙa biyu ya dawo, fankoki su yi wuf su tashi a banza. Na shiga BIOS, wato shafin saitin madabod, na sa musu jinkiri, na kuma shimfiɗa layin da ke haɗa gudun fanka da zafi ya zama kusan a kwance har sai zafi ya yi nisa. Daga baya na koma manhajar Fan Control, wadda kyauta ce, na ɗaure fankokin gaba da zafin katin hoto, tunda shi ne babban mai dumama akwatin. A nan zan ɗan ratse in ce wa masu furosesa Ryzen 7000 su kwantar da hankali: kamfanin AMD ya ƙera yawancinsu ne su riƙa hawa har digiri 95 na ma'aunin Celsius idan aiki ya yi nauyi, 7800X3D kuma iyakarsa 89. Ganin babbar lamba ba dalilin sakin fanka da ƙarfinta ba ne. Fankokin da ke zuwa da akwatin masu fil uku ne, ana rage musu gudu ta hanyar rage ƙarfin wuta, ba irin masu fil huɗu na PWM ba, waɗanda ake sarrafa gudunsu da sigina ta fil na huɗu. Akwai ɗan allon haɗa fankoki a baya wanda ke karɓar iri biyun, amma duk wadda ka haɗa a kai umarni ɗaya take bi. Ni da nake son na gaba da ta baya su bambanta, kai tsaye na kai su madabod.

Saman akwatin yana da gurbin fankoki, kuma idon mutum yana son ya ga an cike kowane gurbi. Na gwada sa mai fitar da iska a gurbin da ke kusa da gaba, sai na ga tana sace sabuwar iskar da ta shigo tun kafin ta isa furosesa, ga ƙarin ƙara a kusa da kunne. Na cire ta. Biyu na ja, ɗaya na fitarwa, shi ya fi dacewa da kayana, kuma yana da wata fa'ida: iskar da ke shiga ta fi mai fita, don haka ragowar tana tsiyaya waje ta kowace kafa, ƙura ba ta samun hanyar shigowa sai ta inda akwai matacin ƙura. Matacin ƙasa ta gaba ake zaro shi, ba sai an juya akwatin ba, kuma shi ne ke kare na'urar wuta wadda fankarta ke kallon ƙasa. Kar a ajiye shi a kan kafet mai kauri, zai toshe wannan hanya.

Raga tana da nata farashin, kuma duk akwati mai raga haka yake. Hanyar da iska ke shiga, ta nan ƙara ke fita. Katin hotona yana da wata siririyar tsuwwa da ke fitowa daga kayan wutarsa idan yana zana hotuna da yawa a daƙiƙa, a da ƙugin fankoki ya binne ta, yanzu da aka yi shiru sai ta bayyana. Na rage ta ta hanyar kayyade yawan hotunan daidai da abin da allona ke iya nunawa. Haka faifan ajiya mai juyawa, wanda ke yin juyi 5400 ko 7200 a minti: duk da robar da ake ɗora shi a kai don rage jijjiga, ana jin ƙas-ƙas ɗinsa idan yana neman fayil. Na mayar da aikina na kullum kan SSD, ma'ajiyar da ba ta da abin da ke juyawa, na sa faifan ya riƙa barci idan ba a buƙatarsa. Matacin gaba kuma yana cika da wuri fiye da na rufaffen akwati, tunda iska mai yawa yake tacewa, idan aka bar shi ya toshe an koma gidan jiya. Sannan akwatin babba ne, tsawonsa ya haura rabin mita, a ƙaramin tebur zai cinye wuri. Akwai Meshify 2 Compact ga wanda ba ya buƙatar wannan fili.

Saboda haka ba kowa zan ce ya saya ba. Wanda kwamfutarsa ba ta cin wuta sosai, ko yake da faifai masu juyawa da yawa, ko yake naɗar murya a ɗaki ɗaya da ita, rufaffen akwati mai soson tsotse ƙara irin Define 7 ko jerin Silent Base na kamfanin be quiet! na Jamus zai fi yi masa amfani, domin ƙarar kwamfutarsa ba ta zafi ba ce, ta tsuwwa ce da ƙas-ƙas, su kuwa soso yana danne su. Amma mai babban katin hoto da ke aiki sa'o'i a jere, soso ba zai cece shi ba, zafin da ya tare zai sa fankoki su yi ihun da ya fi ƙarfin soson. A irin wannan hali Meshify 2 ya biya ni, kuma da zan sake haɗa wata kwamfutar mai irin wannan nauyi, shi zan sake ɗauka, sai dai in ƙara fanka ta uku mai milimita 140 a gaba, daidai saitin katin hoto, in ƙara rage wa sauran gudu.