Ma'aunin NiPCAS: Yadda yake auna ra'ayin ma'aikatan jinya kan kula da jaririn da ba a sa ran zai rayu

A sashen jinyar jarirai sabbin haihuwa akwai yaran da likita ya san babu maganin da zai tashe su, kamar wanda aka haifa ƙwaƙwalwarsa ba ta ginu ba, ko bakwainin da ya zo tun gaɓoɓinsa ba su kai ga ɗaukar rayuwa ba, ko wanda rashin iska lokacin haihuwa ya yi wa mummunar illa. Abin da ya rage a yi wa irin wannan jariri shi ne jinyar sassauci, wato a rage masa zafi, a ɗumama shi, a daina yawan huda jikinsa da allura ba gaira ba dalili, kuma a tsaya wa iyayensa har Allah ya yi ikonsa. Babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2014 ya amince cewa irin wannan jinya wani ɓangare ne na aikin kiwon lafiya da ya wajaba ƙasashe su tanada. Ma'aikaciyar jinya ce ke tsaye a kan gadon dare da rana, saboda haka duk shugaban sashen da ke son gyara wannan aiki sai ya fara sanin abin da ke ranta da abin da ke ɗaure mata hannu. Don wannan aka ƙirƙiro takardar tambayoyin da ake kira NiPCAS (a Turance Neonatal Palliative Care Attitude Scale, wato ma'aunin ra'ayi kan jinyar sassauci ga jarirai sabbin haihuwa), ita ce kuma na gwada tare da abokan aikina a sashenmu.

Victoria Kain da Glenn Gardner da Patsy Yates ne suka tsara ta a Ostireliya, suka kuma wallafa sakamakon gwajinta a mujallar Pediatrics a shekarar 2009, bayan ma'aikatan jinyar jarirai 645 sun amsa ta. Tana ɗauke da jimloli 26, a gaban kowace jimla mai amsawa zai nuna ko ya yarda ƙwarai, ko ya yarda, ko bai yarda ba, ko bai yarda ba sam, ko kuma ba shi da tabbas. Daga baya an yi amfani da ita a Amurka da Taiwan da Iran da Italiya da Sin. Gajeriya ce, domin nas za ta iya kammala ta a ɗan hutun da take samu bayan ta miƙa aiki, kuma wannan ba ƙaramar falala ba ce ga mutanen da ba su da lokacin zama.

Abin da ya fi burge ni game da ita shi ne ba ta ɗora laifi a kan zuciyar ma'aikaciya. Yawancin tambayoyin da ake yi mana a wuraren bita suna neman sanin ko muna da tausayi ne, alhali ba tausayin ne ya yi ƙaranci ba. Ita wannan takarda tana tambayar ko akwai isassun ma'aikata da za su biya buƙatun jaririn da ke kan gargara da na danginsa, ko yanayin ɗakin ya dace da wannan aiki, ko akwai rubutacciyar ƙa'ida da ake bi, ko likitoci suna goyon baya, ko nas tana samun lokacin zama da iyaye bayan rasuwa, ko kuma ita kanta tana da wanda zai saurare ta ya kwantar mata da hankali. Na ga wata ƙanwata a aiki ta daɗe riƙe da biro a kan jimlar da ke tambayar ko takan ji kamar ita ce ta gaza idan jariri ya rasu. Da ta miƙo takardar sai ta ce, "Sista, tun da na fara aiki ba a taɓa yi mini wannan tambayar ba." Ko da wannan kaɗai takardar ta yi, ta biya kuɗin buga ta.

Masu ita sun gano cewa jimloli 12 ne daga cikin 26 suka haɗu suka ba da rukunoni uku masu ma'ana, wato tsarin gudanar da sashe, da kayan aiki da ma'aikata, da kuma abin da ya shafi shi kansa mai jinyar. Sauran jimlolin ana duba su ne ɗaya bayan ɗaya. A nan ne wasu ke yin kuskure, su tara makin dukkan jimlolin su fitar da adadi guda su ce wai shi ne ra'ayin ma'aikata, alhali ba a gina ta don haka ba. Haka kuma daidaiton amsoshi a cikin rukunonin matsakaici ne, domin a ma'aunin Cronbach, wanda ke nuna yadda amsoshin rukuni ɗaya suke tafiya tare, rukunin farko ne kawai ya haura 0.7, sauran biyun sun tsaya ƙasa da haka. Saboda haka ta isa ta nuna wa shugaban sashe inda matsala take, amma ba ta isa a yanke wa wata ma'aikaciya hukunci da ita ba.

Babban abin da ya kamata mai son amfani da ita a ƙasar Hausa ya lura da shi shi ne inda aka haife ta. A Ostireliya kimanin jarirai 2 ne cikin 1,000 ke rasuwa a watan farko, yayin da binciken lafiyar al'umma na Nijeriya na shekarar 2018 ya nuna 39 cikin 1,000. A Ostireliya, yawancin jariran da ke rasuwa a sashen kulawa ta musamman suna rasuwa ne bayan likitoci da iyaye sun zauna sun amince a janye na'urori, shi ya sa abubuwan da binciken farko ya gano suna kawo cikas suka haɗa da matsin na'urorin zamani da buƙatun iyaye, tare da ƙarancin ma'aikata da rashin dacewar wuri. Akwai jimlar da ke tambayar ko ma'aikata suna ci gaba da amfani da na'urorin tsawaita rai fiye da yadda ransu ya kwanta da shi. A sashen da jarirai biyu ke kwance a kwalba ɗaya, iskar oksijin kuma tana yankewa idan wuta ta ɗauke, kusan kowa zai amsa cewa bai yarda ba, sai lissafi ya nuna kamar babu cikas ta wannan fuska, alhali gaskiyar ita ce na'urar ce babu. Wannan ya fi damuna fiye da komai, domin akwai haɗarin a kira rashin kayan aiki da sunan jinyar sassauci, a bar jaririn da zai iya rayuwa a ce an sassauta masa. Takardar ba ta da jimla ko ɗaya da ke bambanta waɗannan biyun.

Akwai kuma abubuwan da ba ta taɓo ba ko kaɗan. Ba ta tambaya kan kuɗi, alhali uba yakan sa hannu ya ɗauke ɗansa daga asibiti saboda aljihunsa ya ƙare. Tana tambayar ko rage wa jariri zafi shi ne kan gaba a wurin nas, amma ba ta tambayar ko akwai maganin a kabad. Inda ta ce "iyaye" uwa da uba take nufi, mu kuwa sau da yawa kaka ko uwar miji ce ke da ta cewa, maijego kuma, musamman idan ɗan fari ne, kunya takan hana ta buɗe baki. Jimlar da ke cewa al'umma na ganin bai kamata jariri ya mutu ba ko ta halin ƙaƙa ta rikita abokan aikina, domin mu mutane ne da ke cewa "Allah ya sa mai ceto ne", kuma abin da dangi suka fi nema a wurinmu shi ne a bar uba ya yi wa yaron huɗuba, a kuma sallami gawar da wuri don a yi mata sutura kafin rana ta faɗi. Wasu sun fake a zaɓin rashin tabbas a nan, ba don ba su da ra'ayi ba, sai don tambayar ba ta zauna a kan rayuwarsu ba.

Ina ba metiron da malaman makarantun jinya shawarar su yi amfani da NiPCAS, bayan sun nemi izinin masu ita kamar yadda al'adar bincike ta tanada. A bar jimlolinta 26 yadda suke don a iya kwatanta sakamako da na wasu ƙasashe, sannan a ƙara wani shafi dabam mai tambayoyi kan kuɗi da magani da na'urori da wanda ke yanke shawara a cikin dangi. Kada a rubuta suna a kai, kuma kada shugabar sashe ta karɓi takardun da hannunta, domin ƙaramar nas ba za ta rubuta cewa likitoci ba sa goyon baya ba muddin ta san za a gane rubutunta.