Layin gida ko na Saudiyya: wanne za ka riƙe a Umara?

Alhaji, ka tambaya ko ka tafi Umara da layinka na Najeriya kawai, ko ka yanki na can idan ka sauka. Kafin a kai ga layi sai a duba wayar tukuna, don a nan mutane suka fi shan mamaki.

In Tecno ce ko Infinix ko Itel, ba ka da matsala, a buɗe suke zuwa kuma gidan sim biyu ne da su. Rigimar tana wajen iPhone da Samsung na hannu da ake shigowa da su daga Amurka. Wasu a kulle suke da kamfanin da ya fara sayar da su, irin su AT&T ko T-Mobile, sai a ɗora wani siririn cif a jikin sim ɗin don ta yi aiki a nan. Ranar da ka cire layinka ka sa na Saudiyya, tana iya cewa ba ta san zancen ba. A iPhone ka shiga Settings, General, About, ka duba Carrier Lock. In ka ga "No SIM restrictions" to a buɗe take. Mafi sauƙi ma, ari sim ɗin wani kamfani ka gwada tun kana gida. Ka kuma sani iPhone 14 zuwa sama 'yan Amurka ba su da gidan sim, sai eSIM, wato layin da ake saukewa a cikin waya ba tare da katin sim ba.

To, layin gida. Daɗinsa lambarka ba ta canja ba, iyali za su same ka kamar kana Kano. Amma kuɗi yake ci: ka kira a caje ka, a kira ka ka ɗaga, nan ma a caje ka. Data kuwa in ba ka sayi tsarin tafiya ƙasar waje ba, katin da ka loda ba zai kai ka Madina ba.

Layin can, STC ko Mobily ko Zain, ana samunsa tun a filin jirgin Jidda ko na Madina. Fasfo za su karɓa, ka dangwala yatsa, su ba ka lamba mai farawa da +966 da data a ciki. Kada ka sayi wanda wani ya yi wa rajista a bakin hanya don gudun bin layi. Da layin can ɗin naka za ka buɗe manhajar Nusuk ka nuna izinin shiga Rauda, ka kira direba, ka nemo abokin tafiya da ya ɓace maka a cunkoson Harami. WhatsApp ɗinka yana nan a kan tsohuwar lambarka, in ya tambaye ka ko za ka canja lamba ka ƙi.

Ni dai duka biyun nake haɗawa. Na can shi ke ɗaukar data da kira, na gida yana zaune a ɗaya gidan da datarsa a kashe, aikinsa karɓar saƙo kawai. Dalili kuwa banki: lambar sirrin da suke turowa kafin kuɗi ya fita, layin gida take zuwa. Tafiyata ta farko na bar nawa a aljihun wata riga a gida, sai da na kira ƙanena yana karanto min lambobin, kafin na gama rubutawa sun mutu. Don haka kira kamfanin layinka su buɗe maka shi ya yi aiki a waje tun kafin ka hau jirgi, ka bar ɗan kati a ciki.

Allah ya kai ku lafiya, a sa mu a addu'a.